Aljihun da Dogo Ya Ɗinka

A layinsu ba mai kiranta da sunan yanka, Mai Ɗinki ake ce mata, har jikokinta haka suka taso suka ji. Shagonta ɗaki ne guda da aka fasa wa ƙofa ta waje, keke a bakin taga, teburin yanka a tsakiya, gwangwanayen maɓalli jere a kan kanta. Mace ce mai hannu. In ta shafa riga da yatsa za ta gaya maka ko keke ne ya yi ɗinkin ko hannu, har ma ko mai hannun sauri yake yi. Ba ta tsoron ɓarawo, ba ta tsoron masu kawo ɗinki komai kaifin bakinsu, ta taɓa kashe maciji da almakashin yanka ta koma kan keke ko gezau. Abu ɗaya take tsoro a duniya, shi ne sukari.

Tsoron kuwa da dalilinsa. Tana budurwa ciwon suga ya kama babanta, mutum mai son shayi da zaƙi, wanda in an hana shi a fili sai ya ɓoye ƙwayoyin sukari a cikin rigar matashinsa. Aka fara da yanke ɗan yatsa, aka zo kan tafin ƙafa, aka ƙare a gwiwa. Ita ce ta naɗe ƙafar wandonsa ta hagu ta ɗinke, kuma wannan shi ne ɗinkin farko da ta yi a keken da ya saya mata. Bai daɗe yana sa wandon ba ya rasu. Tun daga wannan rana sukari bai sake taɓa harshenta ba, ko a gidan biki ne sai ta ture kofin gefe.

Mijinta, Dogo, ma'aikacin gandun daji ne har ya yi ritaya, sai dai ƙafarsa ba ta yi ritayar ba. Da ya ɗan jima a gida sai ka ga ya sauko da jakar goyonsa daga saman kwaba, ya kakkaɓe, ya ɗaure bargo a samanta, shi da amininsa Makaniki su nufi duwatsun da ke bayan gari su yi kwanaki suna yawo. Ba farauta suke yi ba, ba kuma abin da suke nema, tafiyar ce kawai abincin ransu. Mutanen layi sun yi tsegumin har sun gaji sun bari.

Ranar da likita ya ce Dogo yana da ciwon suga, Mai Ɗinki ba ta yi kuka a asibiti ba, sai da ta dawo shago ta ga wani wando a rataye ƙafarsa ɗaya a naɗe. Likitan ya rubuta masa ƙwayar da zai riƙa sha kowace safiya, ya ce a rage shinkafa da biredi da kayan zaƙi. Shi ragewa ya ce, ita kuwa yaƙi ta ɗaura. Kafin magariba babu ƙwayar sukari a gidan, har zumar da 'yarsu Auta ta kawo tsaraba sai da ta koma gidan maƙwabta. Ta sa wa Dogo ido, tana laluba aljihun rigarsa kafin wanki da bayan wanki, tana shinshina bakin kofinsa. Shi kuwa ya sa mata suna Sufeto, sunan kuwa ya bi ta a tsakanin abokansa.

Dogo ya ɗauka tafiyar duwatsu ta ƙare masa ke nan, domin guzurin da ya saba cusawa a jaka bai wuce biredi da taliya da biskit ba. Da son ranta ne ma da ya zauna. Amma ta gaji da ganinsa a kan bencin ƙofar shago ya zuba wa duwatsun ido kamar akuya a turke, sai tausayi ya ci ƙarfinta, ta ce ya tafi, da sharaɗin guzurin ita za ta haɗa.

Ta zauna da Auta suka yi ta tambaye-tambaye, har ta gane cewa abinci mai maiƙo ya fi na gari riƙe ciki, ga shi ba nauyi, ba ya cin wuri, ba ya kuma neman wuta. Sai ta kama haɗa masa soyayyar gyaɗa da riɗi da busasshiyar kwakwa, da nama mai kitse da ta shanya da kanta, da cuku mai tauri, da kifin gwangwani wanda ke iyo a cikin mai. Man shanu sai ta soya shi tukuna don kada zafi ya lalata shi. Dafaffen ƙwai na ranar farko ne kaɗai, abin da ke saurin ɓaci shi ake fara ci. Ta ɗinka ƙananan buhuna da ƙyallayen da suka yi saura, kowace rana da launinta, don kada ya cinye na gobe yau.

Ba a rana ɗaya ta gwanance ba. A tafiyar farko gorar man zaitun da ta sa masa ta buɗe a cikin jaka, bargo ya sha mai, Dogo ya kwana da tururuwa, ya dawo yana susa yana cewa saura kaɗan su ɗauke shi ɗungurungum. Tun daga nan gora sai mai murfi biyu, a cikin leda biyu. A ta biyu ya dawo da ciwon kai da ɗaurewar jijiyar ƙafa, aka gano gishiri ne ya yi kaɗan, ta ƙara masa ƙullin gishiri a kowane buhu. Daga baya abu ya zauna daidai. Jaka ta rage nauyi, tumbin Dogo ya sauka har sai da ta rage masa ƙugun wanduna, ɗan injin gwajin jini ya daina nuna abin da ke faɗar mata da gaba. Ta fara barci da ido biyu a rufe, tana ganin ta tare ƙofar da mutuwa ta bi ta shigo gidan babanta.

Ana gobe za su yi wata tafiyar, Dogo ya fita gyaran takalmi, ita kuma ta ɗauko jakar don ta ƙara wa igiyar kafaɗa ƙarfi. Tana shafa shafin ciki, wajen da ke kwanciya a ƙugu, yatsanta ya ci karo da ɗinkin da ba nata ba. Ɗinki ne na hannu, da baƙin zare, a karkace, wani taku dogo wani gajere, irin na namijin da bai taɓa riƙe allura ba. Ta latsa ta ji abu mai tauri, mai kusurwa huɗu. Tun kafin ta farke ta san abin da za ta gani. Ƙwayoyin sukari ne irin na kwali, a naɗe a cikin leda.

Rigar matashin babanta ta dawo mata sabuwa fil. Wato duk wahalar da take sha, shanya nama da soya mai da yanka buhuna, shi yana can kan dutse yana tsotsar ajalinsa. Ta so ta jira shi a ƙofa su yi ta ta ƙare, sai ta tuna babanta: in an kama maɓoya ɗaya, wata yake nema. Don haka ta yi abin da tela kaɗai zai iya. Ta ɗauko busasshiyar kwakwa ta yanka ta huɗu-huɗu daidai girman sukarin, ta naɗe a ledar nan dai, ta mayar. Ta nemo baƙin zare ta bi ramukan allurarsa ɗaya bayan ɗaya, dogon taku a inda ya yi dogo, gajere a inda ya yi gajere, har ƙullin banzan da ya yi a ƙarshe. Ta sha wahala kafin ta iya ɓata ɗinki haka, ta kuma ji daɗin kanta da ta gama. Sukarin ta zuba a gwangwanin maɓalli, ta ajiye shi shaida don ranar da zai dawo.

Da safe ta ga Dogo ya goya jaka, ya kai hannu baya ya ɗan latsa wajen, ya gyaɗa kai. Ta yi masa a dawo lafiya, tana dariya a ciki.

Bayan kwana biyu, da hantsi, matar Makaniki ta shigo shago da yadi a hannu, mace mai surutu wadda magana ba ta kwana a cikinta.

"Yaya, ai namu gwanin ya dawo jiya da yamma, yana ɗingishi," in ji ta. "Gwiwa ta ce ita ba ta zuwa."

Mai Ɗinki ta tsayar da keke. "Baban Auta fa?"

"Kin san mijinki, ya ce sai ya kai ƙarshe. Ya wuce shi kaɗai. Amma ki kwantar da hankalinki, wannan karon da maganinsa a jiki."

"Ƙwayarsa ai ni na sa masa."

"A'a, ba ita ba, sukarin nan mana da likita ya ce kada ya..." Ta kai hannu baki. "Wayyo ni, na yi suɓutar baki. Yaya, don Allah kada ki ce ni na faɗa."

"Zauna," in ji Mai Ɗinki. "Zauna ki ƙarasa."

Ta zauna ta ƙarasa. Ashe a tafiyar da ta wuce, suna tsakiyar wani hawa mai tsayi, gumi ya karyo wa Dogo, hannunsa ya kama karkarwa, ya fara sambatu, ya zube a kan hanya. Allah ya sa akwai alewa a aljihun Makaniki, ya tura masa a baki, da ƙyar ya dawo hayyacinsa. Da suka sauko suka je wajen likita a ɓoye. Likita ya ce ƙwayar da yake sha aikinta ja da suga ƙasa, ba ruwanta da ko ya ci shinkafa ko bai ci ba, hawan dutse kuma yana ƙone ɗan abin da ya rage. In abin ya zo, mai da nama ba su da amfani, sukari kaɗai ke ceto, kuma nan take, in an yi jinkiri mutum ya suma, wani ba ya farkawa. Ya ce kada ya sake taka dutse babu sukari a jikinsa, ya kuma dawo a sake duba ƙwayar. Dogo bai koma ba, don in an canja ƙwaya Sufeto za ta tambayi dalili, in kuma ta ji dalili za ta cinna wa jakar wuta.

"Shi ya sa ya ɗinke shi a ciki," in ji matar Makaniki, "inda ba za ki gani ba. Kin ga ai ya yi dabara."

Mai Ɗinki ta miƙe. Ta sauko da gwangwanin maɓalli ta buɗe a gaban baƙuwar. Matar ta leƙa, ta dubi fuskarta, ta saki yadin ya faɗi ƙasa.

Ko shagon ba ta rufe ba. Ta isa garejin Makaniki da silifas, tef ɗin awo a wuya, gwangwani a ƙirji. Ya fara wasan da ya saba, "A'a, matarmu, yau Sufeto da kanta," sai ya ga abin da ke cikin gwangwanin, ya bar wasan nan take. Suka kira wayar Dogo, ba ta shiga, dama can ba ta shiga a duwatsun. Makaniki ya dubi rana ya ce, a yadda suka tsara, yau ne Dogo zai yi hawan nan da ya kayar da shi wancan karon. Akwai tsohuwar hanyar masu fasa dutse da ke kaiwa kusa da gindin hawan, in mota ta yarda.

Suka shiga motarsa suka kama hanya. Tsoro ne irin wanda ba ta taɓa ji ba, ya fi na ranar da aka shiga da babanta ɗakin tiyata, domin wancan ba ita ta jawo ba. Abin da ya fi cinta shi ne hannun nan da ya kai baya ya latsa, da yadda ya gyaɗa kai. Da aljihun wofi ta bar masa, da ya sani, da ya tsaya a shago ya saya. Ita kuwa sai da ta tabbatar ba zai sani ba. Kowane rami motar ta faɗa, sukari da maɓallai sai su yi ƙara a cinyarta, ita kuma ta ƙara ƙanƙame gwangwanin.

Inda hanya ta ƙare, Makaniki ya fito ya gwada takawa, gwiwa ta ƙi. Ya nuna mata wata siririyar turba da ta bi tsakanin duwatsu.

"Ki bi ta kawai, ba ta rabuwa. In kin same shi yana iya haɗiya, ki ba shi. In ba ya motsi, kada ki ɗura masa komai, ki kwantar da shi ta gefe. Ni zan koma wajen masu fasa dutse in taho da maza." Ya sake nuna mata turbar. "Yi sauri, matarmu."

Shekara da shekaru tana haɗa guzurin duwatsun nan, ba ta taɓa taka su ba. Rana ta take, tsakuwa tana zame mata, igiyar silifas ɗaya ta tsinke, ta yar da duka biyun ta ci gaba. Tana hawa tana kiran "Baban Auta!", dutse yana dawo mata da muryarta. Numfashi ya gagare ta, ta dafa gwiwa ta sunkuya, a nan ne ta ga wani farin abu a ƙasa, mai kusurwa huɗu, tururuwa sun yanyame shi. Kwakwarta ce. Gaba kaɗan ga wata, ga wata, an watsar da su a kan turba. Sai ga jakar a yashe, shafin ciki a yage, baƙin zaren yana reto.

Ya nema ke nan, ya farke, ya ga abin da ta sa masa.

A bayan wani dutse ta same shi, a zaune ya jingina, rigarsa sharkaf da gumi, fuskarsa ta yi fari fat, hannuwansa suna rawa a kan cinya. Idonsa a buɗe yake amma ya wuce ta yana kallon wani wuri. Ta durƙusa, ta zazzage gwangwanin a zaninta, ta tsinci ƙwaya ɗaya daga cikin maɓallai ta kai bakinsa.

Ya datse haƙora ya kawar da kai.

"Baban Auta, ni ce. Buɗe bakinka."

"A'a," ya ce, harshensa a karye. "Ta hana."

"Ni ce na hana, ni ce kuma na ce ka sha!"

"Baiwar Allah, ki bari." Ya ɗaga hannu da ƙyar ya ture nata. "Sufeto za ta gani. Kuka za ta yi. Babanta... ki bari, kada ta yi kuka."

Bai gane ta ba. Ta riƙe fuskarsa da hannu biyu ta kira shi da sunan da ba ta taɓa kiransa da shi a gaban mutane ba, bai san tana yi ba. Idonsa ya fara lumshewa, kansa yana rinjaya gefe, ta san in ya rufe ido shi ke nan, ba ta da sauran abin yi. Ta share hawaye da bakin mayafi, ta daidaita murya kamar baƙuwar da ya ɗauke ta.

"Malam, Sufeto ce ta aiko ni," ta ce. "Ta ce in kawo maka wannan. Ta ce ka sha, ba za ta yi faɗa ba."

Ya ɗan buɗe ido. "Ita ta ce?"

"Ita ta ce. Da bakinta."

Ya buɗe baki kamar yaro. Ta sa ɗaya, ya tsotsa, ya haɗiye. Ta sa ta biyu, ta uku, ta jawo gorar ruwansa ta jiƙa masa leɓe. Ta zauna ta tallafe kansa tana kallon ƙirjinsa, ba ta san iya lokacin da ta ɗauka a haka ba. A hankali rawar hannun ta lafa, jini ya dawo fuskarsa, idonsa ya sauko ya tsaya a kanta, ya gangara kan ƙafafunta da suka farfashe.

"Maman Auta? Me kike yi a nan ba takalmi?"

Ya dubi jakar da ke yashe, ya dubi maɓallan da ke zube a zaninta.

"Da na farke na ga kwakwa," ya ce, "na ɗauka hankalina ne ya gushe. Ɗinkina ne, har ƙullin. Na ce to, ashe ban taɓa sa sukarin ba."

Bai ƙara ko kalma a kai ba, a ranar ko bayanta, wannan kuwa ya fi mata zafi a kan ya zage ta. Maza suka iso suka sauko da shi. A asibiti likita ya canja ƙwayar, ya haɗa su biyun ya wanke su tas, shi don ɓoyewa, ita don abin da ta yi, ba wanda ya ɗaga kai a cikinsu.

Dogo bai daina tafiya ba, ita ma ba ta ce ya daina ba, sai dai ba ya sake wucewa shi kaɗai. Guzuri yana nan yadda yake, gyaɗa da cuku da nama mai kitse da gora mai murfi biyu, kowace rana da launin buhunta. Abin da ya ƙaru shi ne wani jan aljihu da ta ɗinka a kan igiyar kafaɗa, ta gaba, daidai inda hannu ke kaiwa, da maɓalli ɗaya mai saurin buɗewa. Ita ke zuwa shago ta sayo sukarin, kuma har yau in mai shago ya miƙo mata kwalin sai gabanta ya faɗi.

Ranar tafiya takan raka shi bakin ƙofa. Shi yakan latsa aljihun ya ce yana nan. Ita ba ta yarda da latsawa, ta san abin da yatsa ke iya gaya wa mutum. Sai ta ɓalle maɓallin, ta zaro ƙwaya ɗaya, ta rufe ido ta ɗora a harshenta. Sai ta ji zaƙin nan da ta tsana ya narke, sannan take mayar da maɓallin ta ce masa a dawo lafiya.